Babban Stol Ba Ya Ƙara Wa Inji Ƙarfi

Yana damuna yadda masu gyara a-kori-kura mai giyar otomatik ke cewa kwanbata (na'urar da ke haɗa inji da giyabos) mai babban stol tana ƙara ƙarfi. Suna da hujjarsu: motar kan zabura wajen tashi.

Amma stol shi ne iyakar juyin da inji ke kaiwa in aka sa giya, aka danne birki da totur tare. Aikinsa kai inji inda ƙarfinsa yake kawai. Hilux dizal mai lita 2.8 tana samun cikakken ƙarfin ja tun daga juyi 1,600 a minti. Ka sa mata stol 3,000, ka ɗora buhunan masara, kwanbata ta riƙa zamewa, man giya ya yi zafi, giyabos ya gaji da wuri. Babban stol ya dace da injin fetur da aka sauya wa kamshaf (sandar da ke buɗe bawul ɗin inji) don ƙarfinsa ya koma babban juyi.