Tafin da ya kai ni ofishin Hajiya

Ɗan yayata ba ya ji tun haihuwa. Da ya cika shekara huɗu sai uwarsa ta ce makarantar kurame ta Tudun Maliki ta yi musu nisa, a fara sa shi a nazaren unguwa tukuna. Ni kawunsa da ba ni da aikin safe, sai aka ɗora mini kai shi.

Na kuwa ɗauki abin da gaske. Tun ana hutu na riƙa zuwa da shi yana ganin wurin: ga ajinka, ga banɗaki, ga Baba maigadi. Na ɗauki hoton kowane a waya, kullum bayan magariba mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Na roƙi malamarsu ta zaunar da shi a gaba inda zai ga bakinta, kada ta yi magana ta juya wa allo fuska, in an kaɗa ƙararrawa kuma ta taɓa kafaɗarsa. Ta ce, "To, Malam," irin "to" ɗin da ake yi wa mai yawan iyayi.

A gida maganar hannu muke yi da shi, wadda bebayen garinmu suka saba da ita. Amma ta makarantun kurame daban ce, tushenta daga Amurka. Wani kurma baƙar fata, Andrew Foster, shi ya yaɗa ta bayan ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Ita na duƙufa koya a YouTube. A can na ga cewa kurame ba sa tafi da ƙara. Hannu biyu ake ɗagawa sama, a ware yatsu, a riƙa juya su. Yaron ya so wannan ƙwarai.

Ranar farko yara suna ta tsala kuka a bakin ƙofa, har da mai birgima. Nawa kuwa ya saki hannuna, ya wuce kai tsaye ya zauna a kujerar da ya sani a hoto. Daɗi ya kashe ni. Na leƙa ta taga, na ɗaga hannu biyu, na ware yatsu goma, ina girgizawa ina washe baki.

Ashe Hajiya shugabar makaranta tana tsaye a bayan ajin, daidai saitina.

"Bawan Allah, lafiya? Ni kake yi wa daƙuwa, da sassafe, a gaban yara?"

"Ranki ya daɗe, tafi ne."

"Tafi? Baba, shigo mini da shi ofis."

Baba maigadin da na sha ba shi goro ya riƙo hannun rigata kamar bai taɓa ganina ba. Sai da na buɗe bidiyon ta kalla, sannan ta ce in je, amma in riƙa tafina a gida.

Da nan aka tsaya da sauƙi. Kafin mako ya ƙare yaron ya koya wa 'yan ajin kaf. Wata yarinya ta yi wa kakarta a wurin suna, wani ya yi wa babansa da ya dawo da tsire. Wayar Hajiya ba ta huta ba, don haka aka ce in zo taron iyaye in wanke kaina.

Na yi bayani tiryan-tiryan, har da Ibadan. Da na gama zauren ya yi tsit. Can sai wani dattijo a layin baya ya miƙe a hankali, ya ɗaga mini hannu biyu. Malamar ta ce tafi ne. Ni dai na lura bai juya nasa ba.