Yatsan da ya ci amanata

Tun farko bari in wanke kaina kafin labari ya kai kunnen Baba: ba caca na yi ba. Gasar poka ce, wani wasan karta, ta kyauta a waya, kuɗin cikinta na bogi ne, ko ƙosai ba sa saye. Asarata jaka guda ce ta mega, sai kuma mutuncina a fada.

Ƙanena ne malamin, ɗan Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wanda ko cinikin albasa sai ya kawo lissafi. Muna zaune a fadarmu, majalisar hirarmu ta unguwar Mokoyo a Maraɗi, shayi na kan gawayi, ya ce: "Yaya, karta 52 ce, kowa a ba shi biyu a rufe. Hannun farawa iri 169 ne, yawancinsu shara. In kai ne farkon magana, kada ka shiga sai da manya: as biyu (as ce karta mafi girma), sarki biyu, ko as da sarki. In kai ne na ƙarshe, ka riga ka ga motsin kowa, kana iya ɗan sakin jiki. Bakwai da biyu masu kala daban kuwa, ko a mafarki ka gan su, zubar, ka haƙura da wannan rabon."

Na ce an gama. Ni da na taɓa wuni guda a tasha ina jiran mota ta cika, wa zai koya mini haƙuri?

Tara da huɗu, na zubar. Takwas da uku, na zubar. Aka sha shayin farko mai ɗaci, aka sha na biyu, ni dai zubarwa nake. Abin da malam ya manta bai faɗa ba shi ne, akwai kuɗin dole da ake cirewa kowane zagaye, kuma a gasa ƙaruwa yake bayan 'yan mintuna. Tarin kuɗina na bogi na ta zagwanyewa kamar ƙanƙara a watan Afrilu.

Can sai ga su: as biyu! Abin da ke zuwa sau ɗaya cikin rabo 221. Ƙanena ya miƙe tsaye har ya kusa kifar da buta. "Yaya, tura duka! Tura!"

Ni ma a zuciyata na tura. Amma babban yatsana, da ya shafe awa guda yana danna wuri ɗaya kamar jakin da ya san hanyar gida, bai jira shawarata ba. Ya zubar.

Fada ta yi tsit. Mai dafa shayi ya tsaya da buta a sama.

Rabo na gaba, bakwai da biyu, kala daban. Haushi ya ɗebe ni na tura duka. Wani mai tutar Burazil ya amsa da sarki biyu, ya yi waje da ni.

Ƙanena ya karɓi wayar, ya duba, ya miƙo mini kofin shayi na uku. "Yaya, gobe ka gwada da hannun hagu."