Muryar da ta fito daga cikin bargo

Tun ina sakandare ake zuga ni wai muryata ta gidan rediyo ce. Shekara ashirin babu wanda ya taɓa ba ni ko sisi a kanta, sai bara da wani abokina mai aiki a wani gidan adana kayan tarihi a nan Kano ya kira ni. Za su baje kolin tsofaffin hotunan birni guda 24, kuma suna so kowane hoto ya zo da bayanin murya: mai kallo ya sa iyafis, ya danna lambar hoton a wayarsa, ya sha labari. Mu uku aka ba aikin. Wata malamar tarihi ta rubuta bayanan, wani yaro mai haɗa sauti zai tace, ni kuma nawa baki ne.

Kuɗin hayar situdiyo babu. Yaron ya miƙo min makirfo ya ce, "Kawu, a gida za ka yi. Sai dai ɗaki yana amsa kuwwa, don haka ka lulluɓa da bargo. Fanka ma a kashe ta, ƙararta na shiga."

Watan Afrilu ne fa. Afrilun Kano, lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa.

Haka na shige bargon da muka ajiye tun hunturu, da tocila a hannu ɗaya da takarda a ɗayan, na gyara murya kamar mai karanta labaran duniya. "A shekarar 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano..." Zakaran maƙwabci ya yi cara. Na sake. Mai awara ta rangaɗa talla a ƙofar gida. Na sake. Aka ɗauke wuta, janaretocin layinmu suka tashi gaba ɗaya kamar sun yi shawara. Da na koma yi da ƙarfe biyun dare, sai sauro guda ya shigo bargon, muka kwana muna naɗa tare.

Malama kuwa ba ta yafe ko wasali. Na ce an kafa marinar Ƙofar Mata "a alif dubu ɗaya da ɗari huɗu da casa'in da takwas", ta dawo min da shi. "Malam, alif ɗin nan ai shi ne dubu. Ka zaɓi ɗaya." Gaskiyarta, amma ni da alif na tashi ina jin manya suna faɗa, har yanzu ina jin kamar an cire wa shekarar rawani. Sau bakwai na maimaita 1498, gumi na ɗiga a kan takarda har tawada ta fara narkewa.

Daren jajibirin buɗewa ne shaiɗan ya rinjaye ni. Na ji akwai guda biyu da muryata ba ta yi kauri yadda nake so ba, na sake naɗarsu, na ɗora da kaina ba tare da na tashi yaron ba. Ashe na cusa guda a tsakiya, duk lambobin da ke bayansa suka gusa da ɗaya.

Washegari na zo da surukina, na sa masa iyafis da hannuna, ina binsa a baya ina hura hanci. Ya tsaya gaban hoton wani Baturen mulkin mallaka mai hular kwano da gajeren wando, ya danna 11. Na ga ya karkata kai. Ya ciro kunne ɗaya ya miƙo min, sai ga muryata cikin natsuwa: "Wannan bawan Allah mai haƙuri shi ya yi ta dakon kayan ƙauye zuwa Kasuwar Kurmi a gadon bayansa, ladansa dusa da sanda."

Bayanin jaki ne.

"Ikon Allah," in ji Baba. "Mu dai ba haka aka ba mu labarinsu ba."

Muka matsa gaban dalar gyada, buhuna jere har sama. Muryata ta sanar da shi cewa waɗannan su ne suka iso Kano a watan Fabrairun 1903 ɗauke da manyan bindigogi. Bai ce komai ba, ya dai kalli buhunan da kyau.

A hoton jirgin ƙasa na ɗan samu numfashi, domin bayanin gyadar da ya faɗo nan ya kusa dacewa: layin dogo ya iso Kano a 1911, su Alhassan Ɗantata suka riƙa tara gyada ana lodinta zuwa Legas. Baba har ya fara gyaɗa kai. Sai kawai daga can bayan muryata aka ji ta 'yarsa, tar kamar a tsakar gida:

"Maigida, don Allah ka fito daga bargon nan haka, tuwo ya huce, kuma warin gumi ya cika ɗaki!"

Baba ya cire iyafis ɗin a hankali, ya naɗe wayarsa tsaf, ya ce, "Wannan dai na shaida, ba ta ƙarya."

Kafin la'asar yaron ya gyara lambobin, bai yi min magana ba sai da idanu. Da aka biya ni, uwargida ta miƙo hannu, wai ita ma ta yi aiki a hoto na 13.