Naman biki da janaretan da ya tona mini asiri

Da an bar ni na zaɓi wurin zama a dinar ɗan yayana, da can ƙarshen ɗakin taron zan lafe, kusa da ƙofa. Amma wai ni kawun ango ne, dole a ajiye ni a gaba. Gaban kuwa nan ne DJ ya kafa manyan lasifikokinsa guda biyu, ɗaya a kan ɗaya, suna kallon teburinmu. Yaro ne siriri, da hular sanyi a tsakiyar zafin Afrilun Kano. Yana sakin kiɗa na ga ruwan robar da ke gabana yana rawa, haƙarƙarina ma ya soma amsawa.

Na daure har haƙuri ya ƙare, na tashi na same shi.

"Ɗan samari, don Allah a ɗan sassauta mana."

"An gama, Baba!"

Ya sunkuya ya zare wayar lasifikar sama, ya ɗaga mini babban yatsa. "Na cire rabi."

Na koma na zauna ina jiran rabin nan, shiru bai iso ba. Da ƙyar na ji wani bambanci. Na ce a raina yaron nan ya raina furfurata. Sai washegari ƙanina, wanda ya karanta injiniyan lantarki kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan, ya wanke shi. Ya ce kunne ba ya lissafi irin na 'yan kasuwa. In lasifika biyu masu ƙarfi ɗaya suna aiki ka kashe guda, desibel 3 kacal ke raguwa, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Kafin kunne ya yarda cewa ƙara ta ragu da rabi sai an sauke wajen desibel 10, wato in guda goma ne a kashe tara a bar ɗaya. Ya ƙara da cewa ma'aunin da ake yi wa ma'aikata shi ne desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin nan gida biyu. Ashe yaron ya ninka mini lokacin da kunnena zai iya ɗauka, ni kuma ina ta harararsa.

To, a dawo kan abinci. Aka kawo shinkafa da nama. Na ɗauki tsoka ɗaya na tauna, na sake taunawa, sai na karkata wajen abokina da ke gefena, na sa baki a kunnensa na faɗa masa ra'ayina cikin sirri, kamar yadda mutumin kirki ke yi.

"Me ka ce?"

Na maimaita.

"Wallahi ban ji ba!"

Na ja numfashi na sake. Ina rantsuwa da Allah, a kunnena raɗa nake yi. Daidai lokacin janareta ya yi tari sau ɗaya ya mutu, fitilu suka ɗauke, kiɗa ya tsaya cak, ɗakin ya yi tsit. Abu ɗaya ne bai tsaya ba.

"NA CE NAMAN NAN NA JIYA NE, ƊUMAME AKA YI MANA!"

Har bangon baya ya maimaita "mana". Wani daga can ya kunna fitilar waya yana neman mai shelar, wasu suka taya shi, cikin ɗan lokaci duk hasken ɗakin yana kan fuskata, ga ƙashi a hannuna. A bayana kuwa gwaggon amarya ce tsaye da kula da ludayi, wadda tun asuba take kan murhu ita da matan gidansu.

"Sannu Alhaji," ta ce, murya a sanyaye. "A ƙaro?"

Na ce a ƙaro. Ta ƙaro. Na cinye tas tana tsaye.

Ƙanin nan nawa ya ba ni makamin kare kai. Ya ce tun 1911 wani likitan kunne Bafaranshe mai suna Lombard ya bayyana cewa in hayaniya ta kewaye mutum, muryarsa kan tashi da kanta ba tare da ya sani ba, saboda yana ƙoƙarin jin kansa. Na ɗauki hujjar nan da zafinta na kai wa Yaya. Ya saurare ni har ƙarshe, yana jan carbi.

"Na ji. Shi Bafaranshen ne ya ce naman na jiya ne?"

Amma kafin wannan akwai abin da ya faru a gida daren bikin. Na fito kunnuwana suna ziii, kamar an cusa musu auduga. Na isa ana barci, na yi sallama a hankali don kada in tashi yara. Uwargida ta fito a firgice, ɗankwali a hannu.

"Maigida, lafiya? Da wa kake faɗa?"

Na ce mata ba kowa, ta kwantar da hankalinta. Maƙwabcinmu ya amsa ta kan katanga cewa alhamdu lillahi tunda ba kowa. Jaririyarmu ta farka ta tsala kuka, kuma abin mamaki, shi kukan ya ratsa audugar ya shiga har ƙwaƙwalwa. Wai kunnen ɗan Adam ya fi kaifi a kan siraran sautuka, masu kaɗawa sau 2,000 zuwa 5,000 a daƙiƙa, kukan jarirai kuma yana da kaso mai tsoka a wajen. Ni aka bar wa jijjigarta har ta koma barci, tunda ni na tashe ta.

Bayan kwana biyu Yaya ya tasa ƙeyata zuwa gidan su amarya ban haƙuri. Game da naman dai har yau ina kan bakana, amma ban je da wannan ba. Na durƙusa daga bakin ƙofa, na sunkuyar da kai, na soma jero kalamai can ƙasan maƙoshi, ina auna kowace kalma kafin ta fita. Gwaggo ta ajiye tsintar shinkafar da take yi, ta sa hannu a bayan kunne.

"Ɗaga murya mana, Alhaji. Ai duk dangi sun san kana da ita."