Ferrari za ta ci kambun 2026? Ku tambayi makanikan Suame

Tun ranar 1 ga Fabrairun 2024, da aka sanar cewa Lewis Hamilton zai bar Mercedes ya koma Ferrari, majalisar shayinmu ta Aboabo a Kumasi ta rabu gida biyu. Samarin suna ganin magana ta ƙare: direba mai kambu bakwai ya haɗu da kamfanin da ya fi kowa tarihi a tseren Formula 1, me ya rage? Ɗaya gidan kuma mutum ɗaya ne tak, wani dattijo da ya haura shekara talatin yana buɗe injin mota a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi. Ranar da aka yi sanarwar, ya kurɓi shayinsa ya dubi yaron da ya fi kowa zaƙewa ya ce, "Ɗana, in ka ɗauko direban da ya fi kowa iyawa a tashar Kejetia ka ba shi motar da ke shan mai tana hayaƙi, Techiman ma ba zai kai da wuri ba." Yaron ya ce, "Masta, ai wannan Hamilton ne." Dattijon ya ce ai ya ji sunan.

An yi kakar 2025 an gama, kuma lissafi ya bi bayan dattijon. Ferrari ta ƙare ta huɗu da maki 398, McLaren ta ɗauki kambun kamfanoni da 833. Babban tsere ko ɗaya Ferrari ba ta ci ba. Hamilton bai hau dandamalin ukun farko ba ko sau ɗaya a manyan tseren Lahadi, abin da bai taɓa faruwa da shi ba tun da ya shigo a 2007. Abin da ya samu shi ne gajeren tseren Asabar a Shanghai, washegari kuma aka soke sakamakon motocin Ferrari duka biyun: ta Charles Leclerc ta gaza nauyin da doka ta tanada da kilo ɗaya, katakon da ke ƙarƙashin ta Hamilton kuma ya cinye fiye da ƙima da kusan rabin milimita. Rabin milimita! Wannan ba aikin mai riƙe da sitiyari ba ne.

Yanzu an shiga 2026, dokoki sun canza, samarin sun dawo da tsohuwar waƙarsu. Ni dai ra'ayina shi ne Ferrari na iya cin tsere biyu ko uku a bana, amma ban ga kambu a hannunta ba. Dalilina yana cikin gareji, kuma duk wanda ya taɓa zaman koyon aiki a ƙarƙashin wani masta zai gane shi kafin in gama bayani.

Mu fara da yadda ake cin abin. Kambu biyu ne. Akwai na direbobi, akwai na kamfanoni masu ƙera motocin, wanda aka fara bayarwa a 1958. Kowace tawaga mota biyu take sakawa, na ɗaya ya sami maki 25, na biyu 18, na uku 15, haka har zuwa na goma mai maki ɗaya, sai a haɗa na direbobin biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 2024 Max Verstappen ya tara 437 ya zama zakara, amma abokin aikinsa Sergio Perez 152 kawai ya kawo, sai Red Bull ta faɗo ta uku. A shekarar ce Ferrari ta fi kusantar kambun cikin dogon lokaci: McLaren 666, ita 652, tazarar maki 14 bayan tsere 24, kuma sai a ranar ƙarshe a Abu Dhabi aka raba gardama. Shida daga cikin makin Ferrari ma wani yaro ɗan shekara 18 ne, Oliver Bearman, ya samo su a Jidda a madadin Carlos Sainz, wanda aka kwantar a asibiti aka yi masa tiyata. Wato Ferrari tana da direbobi biyu masu kawo maki tun kafin Hamilton ya zo. Ta sallami Sainz, ta ɗauko wanda ya fi shi suna, ta koma ta huɗu.

Ba yau aka fara ba. Fernando Alonso ya zo a 2010 da kambu biyu a aljihu, ya yi shekara biyar ya tafi bai ƙara ba. A ranar ƙarshe ta 2010 shi ke kan gaba a teburi, masu ba shi umarni ta rediyo suka kira shi canjin taya da wuri, ya fito ya maƙale a bayan motar Vitaly Petrov har aka tashi. Sebastian Vettel ya zo a 2015 da kambu huɗu, ya yi shekara shida, shi ma haka. Rabon Ferrari da kambun direbobi tun Kimi Raikkonen a 2007, na kamfanoni kuma tun 2008. Yaran da ke ihu a majalisarmu, da yawansu lokacin ana goye da su.

To me ake yi a Maranello, garin da Ferrari take a Italiya, duk tsawon shekarun nan? Canza masta. Stefano Domenicali ya sauka a 2014, Marco Mattiacci bai cika shekara ba, Maurizio Arrivabene ya yi huɗu, Mattia Binotto huɗu, sai Fred Vasseur daga 2023. A Suame kowa ya san abin da ke faruwa da garejin da ake yi wa haka. Sabon masta ya zo ya tarar da inji a warwatse a kan tabarma, ya ce wanda ya kwance shi bai iya aiki ba, ya kori manyan yaran tsohon, ya kawo nasa, a sake daga farko. Yaran da suka rage su koyi darasi guda: kada ka faɗi gaskiya a kan abin da ya lalace, domin wanda ya nuna matsala shi ake ɗora wa laifinta. Mai mota kuwa yana ta zarya, kullum ana ce masa gobe.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne inda yaran da suka bar garejin suke komawa. Aldo Costa, an sauke shi daga shugabancin sashen ƙira a 2011, ya tafi Mercedes, ya shiga cikin waɗanda suka zana motocin da suka fara jerin kambun kamfanoni takwas daga 2014 zuwa 2021. James Allison ya bar Ferrari a 2016, shi ma Mercedes ta ɗauke shi. Sai babban misali, Andrea Stella. Injiniyan Ferrari ne, ya yi aiki da Michael Schumacher da Raikkonen da Alonso, ya koma McLaren a 2015. Da aka ba shi shugabanci, McLaren ta buɗe kakar 2023 da tsere biyu babu maki ko ɗaya. Ba a kore shi ba. Shekara mai zuwa ya kawo musu kambun da rabonsu da shi tun 1998, ya maimaita a 2025, Lando Norris kuma ya ci na direbobi da tazarar maki biyu a kan Verstappen. Da injin saye ma suka yi, na Mercedes. Ɗan gidan Ferrari ne ya doke Ferrari da ilimin da ya koya a can.

Ita kanta Ferrari ta taɓa sanin wannan. Jean Todt ya karɓi tawagar a 1993, sai a 1999 ya ci kambun kamfanoni. Shekara shida ana jiransa. Schumacher ya zo a 1996, sai a kakarsa ta biyar ya zama zakara, wanda ya kawo ƙarshen jiran da aka fara tun 1979, lokacin da Jody Scheckter ɗan Afirka ta Kudu ya ci. Todt da manyan injiniyoyinsa Ross Brawn da Rory Byrne suka zauna wuri ɗaya ba wanda ya taɓa su, suka kwashe kambun kamfanoni shida a jere har 2004. Mutanen Kumasi ba sa buƙatar dogon bayani a nan. Ferrari ja ce, mu ma muna da tamu jar rigar a ƙwallon ƙafa. Kotoko ta ci kofin zakarun Afirka a 1970 da 1983, kuma duk wanda ke zuwa filin Baba Yara ya san yadda tarihi kan zama kaya a kan ƙungiya: a sha kashi sau biyu, gari ya ɗauka sai an canza koci.

Zan yi wa samarin adalci, domin hujjarsu ta bana ta fi ta bara ƙarfi. Dokokin 2026 sun rushe kusan komai. An cire na'urar da ke samar da lantarki daga zafin hayaƙin inji, an ɗaga ƙarfin ɓangaren batir daga kilowat 120 zuwa 350, ta yadda kusan rabin ƙarfin motar daga lantarki zai fito. Fukafukan gaba da na baya za su riƙa motsi a kan hanya, motar ta rage nauyi da kilo 30, man kuma ba na rijiya ba ne. Duk lokacin da aka yi irin wannan juyi, teburi yakan kife. A 2009 tawagar Brawn, wadda Honda ta yar watanni kaɗan kafin a fara, ta cinye kambu biyun. A 2014 Mercedes ta yi fintinkau. Ferrari tana ƙera injinta da gangar jikin motarta a gari ɗaya, abin da McLaren ba ta da shi. Ƙarewa ta huɗu ma ta zo mata da ɗan alheri, domin doka ta rage wa zakara lokacin gwaji a ɗakin iska, inda ake gwada yadda mota ke ratsa iska, zuwa kashi 70 cikin ɗari, ta huɗu kuma tana da 85. An kuma sabunta kwantiragin Vasseur a Yulin 2025 duk da surutun jaridun Italiya, wanda a wurina shi ne labari mafi daɗi da ya fito daga Maranello a shekarar. Kamfanin da ya ci tseren awa 24 na Le Mans sau uku a jere daga 2023 ba za a ce bai iya ƙera mota ba.

Sai dai mun ga wannan fim ɗin a 2022, shekarar da aka yi canjin doka na baya. Ferrari ta fito da mota mafi sauri, ta ɗauki na ɗaya da na biyu a Bahrain, Leclerc ya ci Ostireliya ya ba Verstappen tazarar maki 46. Daga nan injin Leclerc ya mutu yana kan gaba a Sifaniya, ya sake mutuwa yana kan gaba a Baku. A Monako, garinsu, ya tashi daga sahun farko, aka rikita kiran canjin taya ya ƙare na huɗu. A Hangare aka saka masa taya mai tauri a rana mai sanyi, ya zame zuwa na shida. Aka tashi kaka Verstappen yana gabansa da maki 146. Samun mota mai sauri a watan Maris abu ɗaya ne. Riƙe ta tana ƙara sauri har Disamba, ba tare da kuskuren rediyo ko na sikeli ba, shi ne aikin. Kuma tun 2021 da aka ƙayyade kuɗin da kowace tawaga za ta kashe, an toshe tsohuwar hanyar Ferrari ta zuba kuɗi a kan kuskure har ya ɓace.

Ga kuma Mercedes, wadda injinta zai kasance a cikin motocin tawaga huɗu: tata, da McLaren, da Williams, da Alpine. Mota takwas ke nan suna tara mata bayanai kowane mako, a shekarar da inji ne zai raba gardama. Ferrari tana da shida, biyu daga ciki na Cadillac ne, wadda yanzu take shigowa. Red Bull ta fara ƙera injinta da kanta tare da Ford, shahararren mai zana motoci Adrian Newey yana Aston Martin da injin Honda. Cikin waɗannan wani zai ba mu mamaki, wani zai ba mu dariya, amma in za a ce in nuna inda kambun kamfanoni zai sauka, zan nuna mota mai injin Mercedes.

Shi Hamilton fa? Ya cika 41 a watan Janairu. Shekaru ba su ne damuwata ba, Juan Manuel Fangio ya ci kambu yana da 46 a 1957, ko da yake zamanin daban ne. Damuwata ita ce Leclerc ya tara 242 bara shi kuma 156, a mota iri ɗaya. Motocin da aka yi amfani da su daga 2022 ba su taɓa dacewa da salonsa na taka birki a makare ba, kuma mai yiwuwa sababbin su fi karɓarsa. Ina fata haka, domin mu da muke kallo daga zango mun san dalilin da ya sa muke son baƙar fata ɗaya tilo a cikin direbobin ya kai takwas. Fata dai ba ta ɗaure ƙusa.

Ranar 8 ga Maris za a buɗe a Melbourne, wajen ƙarfe huɗu na asuba agogon Ghana, cikin azumi, daidai lokacin sahur. Samarin sun ce za su taru a shagon mai gyaran talabijin in wuta ba ta ɗauke ba. Masta ya ce shi ba zai ɓata barcinsa ba, a tashe shi in an kai tsere na goma, lokacin da kayan gyara suka fara ƙarewa aka fara neman wanda za a ɗora wa laifi. Ni kuma na yi alkawari a gaban shaidu: in Ferrari ta ɗaga kambun kamfanoni a Disamba, waken shinkafa na duk majalisar a wuyana, har da ƙwai da taliya.