Mu muke biyan kuɗin ruwa, su suna zuba najasa a kogi

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na ɗauki 'yata muka gangara bakin wani rafi da ke bayan unguwarmu a nan Ingila. Shekara shida ke nan muna zuwa wurin. Tana da wata 'yar koma ta yara da take kamo ƙananan kifaye, ta zuba a kwalba, ta ƙare musu kallo, sannan ta mayar da su. Akwai wani zalɓe da ke tsayawa a kan dutse kullum, har suna ta raɗa masa. Wannan karon tun kafin mu ƙarasa wari ya tare mu. Duk wanda ya taɓa bi ta gefen Jakara a Kano da damina ya san irin warin da nake nufi. Ruwan ya yi toka-toka, rassan da suka sunkuyo cikinsa duk sun sarƙe da takardar bayan gida da tsummokin goge jikin jarirai, tsakuwar ƙasan kuwa wani yauƙi ya lulluɓe ta. Zalɓen ba ya nan. Yarinya ta ɗago kai ta ce, "Abba, wa ya yi wannan?" Wallahi kunya ce ta kama ni, don na san amsar, kuma na san duk wata ina tura wa mai laifin kuɗi daga asusuna.

Na san wasu a gida za su ce ƙarya nake, Turai guda? To ku saurara.

Yawancin tsofaffin magudanan ƙasar nan, tun na zamanin Sarauniya Victoria, bututu ɗaya ne ke ɗaukar ruwan sama da ruwan masai. Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya bututun ya cika, to don kada ƙazanta ta dawo wa mutane cikin gida, sai aka bar wasu ƙofofi da ke amayar da ita cikin kogi ko teku. Irin waɗannan ƙofofi sun haura 14,000 a Ingila. Doka ta yarda a buɗe su ne a lokacin larura kawai. Amma a 2023, bisa alƙaluman hukumar kula da muhalli ta gwamnati, an yi awa miliyan 3.6 ana kwararar da najasa, a karo sama da 460,000. A 2024 ma awannin ba su ragu ba. Binciken BBC ya gano har a ranakun da ko yayyafi ba a yi ba wasu kamfanoni sun saki. Wace larura ce wannan?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka zo nan. A 1989 gwamnatin Margaret Thatcher ta sayar da hukumomin ruwa na Ingila da Wales ga 'yan kasuwa, ta yafe musu bashin da ke kansu, ta miƙa su fes. An ce kuɗin 'yan kasuwa zai gyara bututu. Yau bashin da ke kan kamfanonin ya haura fam biliyan 60, ribar da suka raba wa masu hannun jari kuma ta haura biliyan 70. Tun 1992 ba a kammala wata babbar madatsar ruwa ko ɗaya ba. Kamfanin Thames Water, mai yi wa mutum miliyan 16 hidimar ruwan sha ko kwashe najasa a Landan da kewaye, ya zauna a hannun bankin Macquarie na Ostireliya daga 2006 zuwa 2017, bashinsa ya ninka kusan sau uku, suka kaɗe riga suka yi gaba. A 2021 kotu ta ci kamfanin Southern Water tarar fam miliyan 90 saboda zubar da najasa da gangan sau dubbai tsakanin 2010 da 2015. A watan Mayun 2025 hukumar Ofwat, mai sa ido kan kamfanonin ruwa, ta ci Thames Water tarar kusan fam miliyan 123. Kuɗi ne masu yawa a kunne, amma ga mai bashin biliyoyi cizon sauro ne.

Sannan aka juyo kanmu. A ƙarshen 2024 Ofwat ɗin nan ta amince a ƙara kuɗin ruwa da kimanin kashi 36 cikin 100 a shekara biyar, wai don a gyara abin da ya lalace. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Idan mai shagon unguwa ya cuce ni, gobe sai in koma na gaba. Ruwa fa? Kamfanin yankinka shi ne kamfaninka, ko kana so ko ba ka so. Kasuwar da mai saye ba shi da ikon juya baya ba kasuwa ba ce, kuma a nan ne nake ganin an tafka kuskuren tun farko.

Mu dai muna da baki, muna da ƙuri'a. Halittun cikin ruwan ba su da ko ɗaya. Najasa idan ta shiga rafi, ƙwayoyin cuta da gansakuka ne ke samun abinci, su yaɗu, su shanye iskar da kifi ke shaƙa, sai ka wayi gari ka ga kifaye sun taso ciki a sama. Yauƙin nan da na gani yana toshe tsakuwar da kifi ke saka ƙwai. Ƙwarin ruwa su mutu, tsuntsun da ke cin su ya ƙaura, karen ruwa ya rasa abin farauta. Kashi 14 cikin 100 kacal na kogunan Ingila ne aka tabbatar suna cikin ƙoshin lafiya. Kifin salmon, wanda ke ƙetare teku ya dawo rafin da aka ƙyanƙyashe shi don ya hayayyafa, an saka shi cikin masu fuskantar ƙarewa a Birtaniya a 2023. Kuma Allah ya ba ƙasar nan wata amana da ba kowa ya samu ba: rafukan da ke ɓuɓɓugowa daga duwatsun alli, masu ruwa garai-garai kamar idon zakara, mafi yawan irinsu a duniya a Ingila suke. Su ma ba a ƙyale su ba.

Adalci ya sa in faɗa, ba kamfanonin ruwa kaɗai ba ne. Kogin Wye kashin kaji ne daga manyan gonaki ya fi illata shi. Mu ma da namu: a 2017 an ciro wani curin daskararren mai da tsummoki mai nauyin tan 130 daga magudanar Whitechapel a Landan. 'Yan uwa mata da maza masu suya, don Allah a daina juye ragowar mai a wurin wanke-wanke.

Kuma ba wai ba su iya gyara ba ne. A 1858 warin kogin Thames na Landan ya hana 'yan majalisa sakat, nan da nan aka ba injiniya Joseph Bazalgette kuɗi ya gina magudanan da har yau ake mora. A 1957 aka ce kogin ya mutu murus, amma aka yi aiki har kifi ya dawo. Ashe idan warin ya kai hancin manya, kuɗi na fitowa.

Gwamnati ta yi dokar hana shugabannin kamfanoni masu laifi kuɗin garaɓasa a 2025, ta kuma ce za ta rushe Ofwat. Madalla, amma bai isa ba. Suna cewa mayar da ruwa hannun gwamnati zai ci kusan fam biliyan 100. Ni ban ga dalilin biyan cikakken farashi kan kamfanin da bashi ya ci ƙarfinsa ba. Doka ta tanadi hanyar karɓe kamfanin da ya gaza. A bi ta, masu ba da bashin da suka ci riba jiya su ɗauki asara yau. Scotland ba ta sayar da nata ruwan ba. Su ma suna da matsalar zubar ƙazanta, amma aƙalla kuɗin da suka biya ba ya tafiya aljihun wani a wata nahiya.

Muna shirin barin wurin ranar sai ga wani dattijo Bature, ya kusa shekara 80, sanye da dogon takalmin roba, yana ɗiban ruwan a 'yan kwalabe. Ba ma'aikacin kowa ba ne. Shi da abokansa 'yan fansho ne ke auna ruwan duk mako, su rubuta a littafi, su aika wa ɗan majalisa. Ya nuna wa 'yata yadda ruwan ke sauya launi idan an ɗiga maganin gwaji, ya ce mata kada ta sa hannu a baki sai ta wanke. Na tambaye shi ko suna karɓar sababbin mutane. Ya ce ƙarfe tara na safiyar Asabar, a gindin gada, in zo da safar hannu.