Gyaran gangar Auzinawa: zuwa ga samarinmu masu manyan babura

Ranar Laraba da la'asar aka shigo min da Suzuki GSX-R750 a bayan aboboya, babur ɗin nan mai taya uku na ɗaukar kaya, an ɗaure shi da igiya kamar ragon layya. Mai shi na biye, yaro ɗan unguwar Aboabo a nan Kumasi wanda ni da mahaifinsa muka yi makarantar allo tare. Na ce, "Ɗana, faɗuwa ka yi?" Ya ce, "A'a Masta, tayarwa kawai na yi, sai na ji ƙara a ciki, ya mutu." Da na ɗaga tanki na buɗe akwatin iyakilina, wato matatar iska, sai na ga faifan iska na sama guda huɗu babu ko ɗaya. Kowane faifai sukuru biyu ke riƙe shi, takwas ke nan. Ya zaro su daga aljihu muka ƙirga, bakwai. Na takwas ɗin mun same shi washegari a silinda ta uku, ya lanƙwasa bawul, ya sassaƙe kan fistin.

Na tambaye shi, "Abin nan da ka cire, mene ne aikinsa?" Ya sosa ƙeya, ya ce a waya ya ga wani yana cewa shi ne ke shaƙe moto. Iyakar saninsa ke nan. Babur ɗin da yayansa ya yi shekaru yana aiki cikin sanyi a Italiya kafin ya aiko masa, a dare ɗaya ya hau shi da sukurudireba da fitilar waya. Wallahi tun ranar raina a ɓace yake, domin shi ne na uku da na gani a bana, kuma duk cutar ɗaya ce: cire abin da ba ka san aikinsa ba.

To ku saurara, tunda babu wanda ya zaunar da ku ya gaya muku. A maƙogwaron injin irin waɗannan babura masu injekta, kowace silinda tana da ƙofar iska biyu, abin da mu fitoci muke kira bataflai. Ta ƙasa tana hannunka, ka murɗa totur waya ta ja ta buɗe. Ta sama kuwa ba ruwanta da hannunka. Wata 'yar na'urar lantarki ke juya ta bisa umarnin kwantrol bod, wato kwamfutar babur ɗin, wanda yake duba juyin inji da giyar da kake ciki da yadda ka buɗe totur. Suzuki sun kawo wannan tsari a GSX-R750 na shekarar 2000 suka sa masa suna SDTV, Kawasaki ma suna da irinsa a su ZX-6R da ZX-10R.

Maƙogwaron an yi shi da faɗi ne domin inji ya sha iska ya ƙoshi idan yana juyi 12,000 a minti ɗaya. Amma idan yana ƙasa, a 3,000 ko 4,000, ka wage masa baki lokaci guda, iskar sai ta rasa gudu, ba ta cakuɗa da fetur yadda ya kamata, injin ya yi tari, ya ɗan tsaya, sannan ya fizge ka. Duk wanda ya taɓa wankin mota ya san yadda ruwan tiyo ke ƙara ƙarfi idan an ɗan toshe bakinsa da yatsa. Ƙofar sama ita ce yatsan nan. Tana buɗewa a hankali gwargwadon abin da inji zai iya haɗiya, kamar yadda robar kabureta irin ta da take ɗaga silaid sannu sannu. Idan inji ya kai can sama, galibi a buɗe take gaba ɗaya. To wane ƙarfi ne take ɓoye maka a can?

Abin da kuke ji bayan kun cire, kuke cewa moto ya farka, yawancinsa fizga ce da ƙarar tsotsar iska. Kwantrol bod yana ba da fetur ne bisa lissafin cewa ƙofar na nan. Ka cire ta ba ka gyara lissafin ba, iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan a ƙasa, totur ya zama kamar makunnin fitila, ko a kashe ko a kunne. Wani ma ba faifan kaɗai yake cirewa ba, har wayar na'urar yake zarewa, fitilar gargaɗi ta FI ta kama, lambar matsala C28 ta fito, sai ya manna baƙin tef a kai don kada ya gani. A wasu Suzuki ɗin sandar da ke juya faifan ce ke ɗaga silo, wato juyin inji a tsaye, da safe idan inji ya yi sanyi, shi ma ya tafi. Garin neman gira an rasa ido.

Kuma sukurun nan da gangan aka daddake bakinsu a kamfani don kada su taɓa kwancewa su faɗa ciki. Abin da maƙeri ya kulle da niyya, kai da ba ka taɓa riƙe sifana wata ɗaya ba ka zo ka ce kuskure ya yi? Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ba na musun cewa masu tsere suna cirewa. Suna yi, amma a fili na tsere, bayan an ɗora babur a na'urar auna ƙarfi an sake masa lissafin mai daga tushe, kuma da yawansu ba sa ma cirewa, kwamfutar suke sa ta buɗe ƙofar da wuri. Kai ina filin tserenka? Shataletalen Suame da ƙarfe biyar na yamma? Ko hanyar Asawase inda akuya da Pragya mai taya uku da yaran makaranta ke tsallakawa? Babur mai ƙarfin doki wajen 150 ne a ƙarƙashinka, kai da jiya jiya ka sauka daga Boxer mai doki 12, ko rabin abin da yake da shi ba ka iya sarrafawa ba, amma kana neman ƙari. A kwana mai yashi bayan ruwan sama, 'yar fizgar nan da ƙofar sama take tarewa ita ce ke zame tayar baya. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya.

Ai duk hali ɗaya ne. Wanda ya cire bataflai shi ne ya fasa salansa ya hana jarirai da marasa lafiya barci a unguwa, shi ne ya kwance madubi wai yana ɓata kyan moto, shi ne hular kwanonsa ke rataye a gwiwar hannu. Ranar Sallah an sauko daga idi, maimakon gaishe da iyaye sai ɗaga taya a tsakiyar jama'a, a ɗauka a waya. Ga kuɗin cacar ƙwallo kullum akwai, amma baƙin mai sai ya koma kamar kwalta ba a canza ba, sarƙa ta bushe tana kuka, tayar baya ta zama sanƙo. Wannan bai dame ku ba, sai faifan da bai yi muku laifin komai ba.

Ina faɗin wannan ne don ina ƙaunarku, 'ya'yanmu ne ku da ƙannenmu. Idan na'urar ta lalace, sau da yawa dalmar da ke riƙe wayoyin cikinta ce ta tsage, mai haƙuri yana buɗewa ya sake liƙa ta. Ku tambayi waɗanda suka sani. Ku rage gaggawa.

Amma wa ke tambaya yanzu? Lokacin da aka kawo ni Magazin, unguwar makanikai ta Suame, mahaifina ya riƙe hannuna ya damƙa wa masta da goro. Shekara guda cur ina wanke noti a cikin kananzir, ina miƙa sifana, ban taɓa buɗe inji ba. Idan ka kwance abu, masta sai ya ce faɗi sunansa, faɗi aikinsa, faɗi abin da zai faru idan babu shi. Ka kasa, ka mayar da shi inda yake. Ko wasa guda, zoben nan na ƙarƙashin noti, ba ma jefarwa, akwai gwangwanin da ake tara su. Masta ya yi magana kanka a ƙasa, kuma a Zango kowane babba ubanka ne, ya gan ka kana gudun banza ya tsayar da kai ya karɓi makulli, ubanka ya je ya yi masa godiya. Yau ka yi wa yaro magana ya nuna maka waya, ya ce Masta, zamani ya wuce nan. Wata shida a shago ya buɗe nasa, ya fara yi wa baburan mutane gyaran gangar Auzinawa. Wanda ya yi bidiyon yana can ƙasarsu da kayan aunawa cike da gareji, bai san da kai ba, kuma ba shi zai biya kuɗin kan silinda ba.

GSX-R ɗin yana nan a kusurwar shago an lulluɓe shi da tamfol. Na zaga Magazin ban samu kan silinda mai kyau ba, na aika a duba min a Abossey Okai, kasuwar kayan gyara ta Accra. Jiya bayan magariba mahaifin yaron ya zo ya daɗe a tsaye yana kallonsa, sannan ya roƙe ni kada in bari yayan da ke Italiya ya ji tukuna.